Gidan da ke waƙa: inda boka da likita suka haɗu kan mai shan ƙwaya



Kwanan baya, cikin zagayen da nake yi na wuraren karatun manya, wani dattijo ya tsaya bayan an tashi. Sai da kowa ya watse, kana ya matso ya zauna bakin tabarma. Ya ce ɗansa na fari ya dawo daga bida da halin da bai tafi da shi ba. Ba ya iya ɗaukar hauya sai ya haɗiyi tramol. Ya saida akuyar uwarsa. Sau biyu yana faɗuwa cikin gona yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa. Matan gida suka ce iska ce ta taɓa shi, a kai shi wurin boka, ko a kira masu garaya. Dattijon ya dube ni ya ce: "Malam, kai da kake duba takardu, shin boka yana raba mutum da ƙwaya?"

Tambayar ta fi ƙarfin i ko a'a. Amma akwai wani gida a duniya da ya yi shekara fiye da 30 yana gwada wannan abu, kuma ana rubuta abin da ya fito. Labarinsa zan ba ku, domin wanda zai yanke shawara bisa ɗansa ya yanke ta da ido buɗe.

Ƙasar ganyen koka

Gidan yana ƙasar Peru, a yammacin Amurka ta Kudu. Gabashin ƙasar daji ne mai duhu, dajin Amazon, inda itatuwa ke rufe sama, ruwa kuma ba ya yanke zuba. A bakin wannan daji akwai wani gari mai suna Tarapoto.

Cikin shekarun 1980, kwarin kogin Huallaga, wanda ya ratsa wannan jiha, ya fi ko'ina a duniya noman koka. Koka ganye ne. Mutanen duwatsun Peru suna tauna shi tun kaka da kakanni, tamkar yadda muke cin goro, kuma bai halaka su ba. Ɓarnar ta zo ne lokacin da ƴan fatauci suka fara jiƙa ganyen cikin kananzir da ruwan batir, suna fid da wani ƙullu. Daga ƙullun nan ake tace hodar ibilis da ake kaiwa Amurka da Turai. Hodar mai tsada ta tafi waje, ƙullun mai arha ya tsaya gida. Samari suka riƙa cusa shi cikin taba suna zuƙa. Daɗinsa na ƴan mintoci ne, sa'an nan ya bar mutum da ƙishirwar wani. Manomi ya samu kuɗi, ya rasa ɗa.

Likitan da ya koma ɗalibi

Wani likita Bafaranshe, Jacques Mabit, ya je Peru a 1980 tare da ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières. Ya yi aiki a wani ƙaramin asibiti da ba shi da kayan kirki. Nan ya lura mutane sun fi zuwa wurin masu maganin gargajiya, kuma wasu suna dawowa da sauƙi. A 1986 ya shiga yankin Tarapoto yana bin bokayen daji, waɗanda ake kira kurandero, yana yi musu tambayoyi. Bisa ga abin da shi kansa ya faɗa, amsa ɗaya suka ba shi: ba za ka gane aikinmu da tambaya ba, sai ka zauna ka sha abin da muke sha. Ya zauna, ya sha, ya yi shekaru yana koyo.

A 1992, shi da abokan aikinsa, cikinsu har da wata likita ƴar ƙasar mai suna Rosa Giove, suka buɗe gidan jinyar masu shaye-shaye. Suka raɗa masa suna Takiwasi. Da harshen Kecuwa, wanda shi ne babban harshen asali na ƙasar, ma'anarsa "gidan da ke waƙa". Hukumar lafiya ta ƙasar ta san da shi. Cikinsa akwai likita, akwai masanan halayyar ɗan Adam masu zama da majinyaci su saurare shi, akwai kuma bokaye.

Kada mai karatu ya ɗauka bokan Amazon da ɗan bori abu ɗaya ne. A bori, iska ce ke hawan mutum, shi ya zama dokinta. A can kuwa, bokan ne ke shan magani tare da majinyaci, ya zauna da hankalinsa yana waƙa, yana cewa da waƙar yake jan ragamar abin da majinyacin ke gani. Inda suka yi kama shi ne dukansu sun yarda cuta tana da tushen da ido ba ya gani, dukansu suna aiki da sauti, dukansu kuma suna keɓe mutum kwanaki, kamar yadda ake yi a girka. Malamanmu sun daɗe da yin magana bisa neman taimakon iskoki, kowa ya ji. Wannan shafi na lafiya ne, aikinsa duba abin da ke shiga ciki da abin da yake yi wa jiki.

Wata tara

Abu na farko da ya kamata a sani: jinyar Takiwasi wata 9 ce. Maza kaɗai ake kwantarwa, kuma ba su da yawa a lokaci ɗaya, kamar ɗaliban aji guda ƙarami. Ba a karɓar wanda aka jawo da igiya. Sai mutum ya zo da ƙafarsa ya ce yana so, in kuma ya ce zai tafi, ƙofa ba ta da kwaɗo.

Kafin ya sha ko da ganye ɗaya, likita yana auna shi, a ɗebi jininsa, a duba zuciyarsa da hantarsa, a tambayi magungunan da yake sha. Mai ciwon zuciya mai tsanani da mai taɓin hankali ba a ba su babban maganin gidan.

Kwanakin farko, wajen mako guda ko ɗan fiye, a ɗaki keɓaɓɓe yake yin su. Lokacin ne jiki ke kukan rashin ƙwaya: ciwon gaɓoɓi, zufa, rashin barci, baƙin rai. Ana ba shi ruwan wasu tsirrai masu sa amai, ya bi da ruwan ɗumi mai yawa, ya yi ta harasarwa cikin bokiti, boka na gefensa yana waƙa. Ana yi masa wanka da ganyaye da surace. Mutanen gidan suna cewa wannan yana rage zafin kwanakin nan.

Daga nan sai ya shiga cikin ƴan uwansa. A nan babu mai dafa wa wani, babu mai share wa wani. Su ke girki, su ke gasa burodi, su ke wanki, su ke aikin lambu. Kowane abu da lokacinsa. Ku tuna waɗannan mutane ne da suka yi shekaru dare ya zame musu rana, ba su san lokacin cin abinci ba, ba wanda ke amince musu da dala ɗaya. Mutum ya tashi da asuba ya kwaɓa fulawa, wasu su ci burodin su ce ya yi daɗi, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Bayan ƴan watanni kuma akan kai mutum cikin daji, a ajiye shi cikin bukka shi kaɗai wajen kwana 8. Ba hira, ba rediyo, ba gishiri, ba sukari, ba mai. Abincinsa farar shinkafa da dafaffiyar ɗanyar ayaba. Boka yana kawo masa ruwan wani tsiro da aka zaɓa masa, mai saurare kuma yana leƙo shi ya ji mafarkansa da tunaninsa. Ranar fita sai a ba shi gishiri ya lasa, alamar an kwance ƙa'ida. Wanda ya taɓa kwana shi kaɗai a bukkar gona ya san irin maganar da mutum kan yi da zuciyarsa in babu kowa.

Daren ayawaska

Abin da ya sa sunan gidan ya zaga duniya shi ne wani abin sha da ake kira ayawaska. Abu biyu ake haɗawa: wata kurangar daji mai nannaɗe itatuwa kamar yaɗiya, sai dai ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, da ganyen wani tsiro mai suna cakuruna. Ana daddaka kurangar, a dafa su tare sa'o'i da yawa, har ruwan ya yi kauri, ya yi baƙi-baƙi da ɗaci.

Masana sun gano yadda yake aiki. Cikin ganyen akwai wani sinadari mai suna DMT, mai sa gane-gane. In aka sha ganyen shi kaɗai, ciki yana da wani mai gadi da ke rushe sinadarin kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Aikin kurangar shi ne ta ɗaure wannan mai gadi na ɗan lokaci. Ku riƙe wannan magana ta mai gadi, za mu komo kanta.

Sabon zuwa ba ya sha sai ya yi makonni jikinsa ya wanku. In lokaci ya yi, da dare ake zama, cikin babban ɗaki, a yi da'ira, kowa da bokitinsa. A sha ɗan kofi ɗaya, a kashe fitila. Boka ya fara waƙoƙin da ake kira ikaro, yana hura hayaƙin taba bisa kan kowa. Abin yakan ɗauki wajen sa'a 4 ko fiye. Akwai amai, wani lokaci da zawo, akwai tsoro. Waɗanda suka sha suna cewa sukan ga rayuwarsu ta dawo gabansu: dukan da aka yi musu suna yara, kukan uwa ranar da suka sace mata kaya, fuskar ɗan da suka bari.

Ni a ganina, babban aikin bayan gari ya waye ake yin sa. Ana taruwa da masu saurare, kowa ya faɗi abin da ya gani, a tambaye shi: to, yanzu me za ka yi da shi? Wa za ka nemi gafararsa? Wane aboki za ka daina bi? Ba don wannan zama ba, da abin da aka gani da dare ya bi iska kamar kowane mafarki.

A 2008 gwamnatin Peru ta sa ilimin ayawaska na gargajiya cikin al'adun ƙasa da ake karewa. Faransa kuwa, ƙasar shi Mabit, ta haramta shi tun 2005. Abu ɗaya, hukunci biyu.

Mutum nawa suka warke?

A 2002 likita Rosa Giove ta fid da lissafin waɗanda suka yi jinya a shekarun farko na gidan. In aka ɗauki mutum 100, 31 suna lafiya lau, sun rabu da shaye-shaye, sun koma cikin iyali da aiki. Mutum 23 sun samu sauƙi amma da saura. Mutum 23 suna nan yadda suke, ko sun ƙara lalacewa. Sauran 23 ba a san inda suka shiga ba.

Ku haɗa da kanku: 31 da 23 sun zama 54. Wato ɗan fiye da rabi ne suka amfana. Ga cuta mai taurin kai irin wannan, ba abin rainawa ba ne. Amma ku dubi ɗaya gefen. Bayan likita, da boka, da abinci, da watanni, kusan rabi ba a iya cewa sun tsira ba. Da yawa ma ba su kai ƙarshen wata 9 ba, suka ɗauki jakarsu suka tafi. Kuma gidan ne da kansa ya yi wannan lissafi, ba baƙo ba. To, in wani ya ce muku shi da ƙwarya ɗaya cikin kwana 3 yake raba kowa da ƙwaya, ku auna maganarsa da wannan mudu.

Akwai kuma tambayar da manomi zai fi kowa ganewa. In malamin gona yana son ya nuna amfanin taki, yakan raba gonar gwaji biyu: iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, gefe guda da taki, gefe guda babu. Ran girbi sai a ƙirga damma. A Takiwasi ba a raba gonar haka ba. Kowa ya sha ayawaska, kowa kuma ya samu wata da watanni nesa da mai saida ƙwaya, da ci, da barci, da aiki, da mai sauraronsa. Masu bincike daga waje sun zo daga baya, sun ga majinyata suna samun sauƙi, amma su ma sun ce ba za a iya ware rabon tsiron daga rabon sauran ba. Shi Mabit da mutanensa ba su taɓa cewa tsiron kaɗai ya isa ba. Da duwatsun murhu uku suke dafa tukunyarsu: zaman tare, da saurare, da magani.

Inda aka ɗauki ƙwarya aka bar likita

Da labarin ayawaska ya bazu, sai Turawa suka riƙa kwarara Peru da maƙwabtanta da kuɗi a hannu. Inda kuɗi ya sauka kuwa, bokayen ƙarya sukan tsiro kamar ciyawar farkon damana. A 2012 wani saurayi ɗan Amurka mai shekara 18 ya mutu a gidan wani boka a Peru, bokan ya binne shi a ɓoye, ya ce wa uwarsa ai ya tafi. A 2014 wani ɗan Ingila mai shekara 19 ya mutu a Kolombiya bayan ya sha, aka yar da gawarsa bakin hanya. Da aka bincika, sai aka samu cikin jininsa har da gubar nan da ke cikin zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro. A dajin can akwai ɗan uwan zaƙaminmu, kuma wasu bokaye suna jefa shi cikin tukunya don abin ya yi ƙarfi.

Yanzu mu koma ga mai gadin nan na ciki. In kuranga ta ɗaure shi, ba DMT kaɗai ke samun hanya ba. Wasu magungunan asibiti ma sukan yi wa jiki yawa, kuma tramol yana cikinsu. Wanda tramol ke jikinsa, in ya sha ayawaska, zai iya kamuwa da zazzaɓi mai tsanani, da karkarwa, da ruɗewa, har ya rasa ransa. Shi ya sa a Takiwasi tambayar likita ke gaba da ƙwaryar boka.

A nan Afirka ma akwai makamancin haka. Saiwar iboga, wadda mutanen Gabon ke amfani da ita cikin al'adarsu ta Bwiti, ana tace ta ana ba masu shan ƙwaya a wasu ƙasashe. Tana kwantar da ƙishirwar ƙwaya na wani lokaci, amma tana rikita bugun zuciya, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya.

Abin da na faɗa wa dattijo

Babu wanda zai saida gonarsa ya kai ɗansa Peru, ba kuma nufina ke nan ba. Da na koma garin, na zauna da dattijon, muka fara da faɗuwar yaron.

Tramol maganin ciwo ne na asibiti. Likita yakan ba da mai lamba 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini guda. Na hannun masu talla kuwa, mai lamba 200 ne, ko 225, ko 250. Na ce masa ya yi lissafi: biyu na 225 nawa ke nan? Ya ƙirga ya ce 450. To, ƙwaya biyu kacal sun ƙetare iyaka, alhali yaronsa ya fi haka sha kafin azahar. Yawan tramol yana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, da shure-shure da kumfa, duk likitoci sun san haka. In ya sake faɗuwa, a kwantar da shi bisa gefensa, a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. In abin ya wuce minti 5, a ɗauke shi zuwa likita.

Na kuma ce masa kada a yanke masa ƙwayar rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba. Yawanci rage ta ake yi kaɗan-kaɗan. Mai shan giya da yawa ma ya fi haɗari, domin yanke ta farat ɗaya yana iya kisa. A fara da majo na gidan likitan da ke kusa, shi zai tura su gaba in ya cancanta. Babban asibitin Yamai yana da sashen masu irin wannan lalura.

Sa'an nan muka zo kan boka. Na san ko na hana, matan gidan za su je, don haka na gaya masa abin da zai duba. Ya tambayi mai maganin abin da ke cikin ƙwaryarsa. In ya ce sirri ne, wannan cinikin biri a sama ne, kuma da ran ɗansa za a biya. Ya tambaye shi ko ya yarda yaron ya ci gaba da ganin likita. Wanda ya ce a zubar da maganin asibiti, a bar wurinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an gwada wannan kusa da mu: a 2020 aka fid da sakamakon wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibiti suka riƙa zuwa gidajen masu maganin gargajiya da masu addu'a suna aiki tare. Bayan wata 6, majinyatan da aka yi wa aikin haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Masu taɓin hankali aka gwada a kansu, ba masu shan ƙwaya ba, amma hanyar ta nuna kanta.

Abin da na fi nanata masa shi ne mari. A watan Satumba na 2019, ƴan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fid da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon bulala a baya. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Sarƙa tana hana ƙafa zuwa wurin mai saida ƙwaya, amma ranar da aka kwance ta, ƙafar ta san hanya.

Dattijon ya yi shiru, kana ya ce: "To, wata tara ɗin fa, ina za mu same su?" Na ce masa yana da ƙane mai lambu a wani gari, inda abokan yaron ba su sani ba. In yaron ya yarda da bakinsa, ya je can ya yi rani yana ban ruwan albasa, ya ci tare da mutane, ya kwana da wuri, a samu babba ɗaya da zai riƙa zama da shi da marece yana jin ta bakinsa ba tare da zagi ba. Duk ranar da majo ya sa, a kawo shi.

Na ƙara masa da gargaɗi ɗaya game da ranar dawowa. Jikin da ya yi watanni babu ƙwaya ya manta da ita. In yaron ya zame ya sha adadin da ya saba sha a da, wannan adadi zai iya tsayar masa da numfashi. Don haka a gaya masa wannan tun kafin ya tafi, a gaya wa uwarsa, kuma in ya zame, kada a kore shi daga gida. A mayar da shi wurin majo washegari.